Ƙuri'ar Mama Tetua

Jirgin ruwan da ke zagaya tsibiran Tuamotu, waɗanda ke ƙarƙashin mulkin Faransa, yana kwasar busasshiyar kwakwa shi ya kawo kayan zaɓe, haɗe da shinkafa da siminti. Wajen sauke su a kwale-kwale igiyar ruwa ta yi wa kwalayen wanka, aka kwaso su sharkaf aka shanya a barandar ofishin magajin gari, wanda kowa ke kira Tavana. Mama Tetua ta bar kwakwarta a rana ta je ta tsaya a kansu tana ɗaga takardun ƙuri'a, don kowace jam'iyya da tata takardar. Ga na manyan jam'iyyun Faransa nan jibgi guda. Na jam'iyyar 'yarta kuwa ko ƙwaya ɗaya babu.

Ba ta yi mamaki ba, amma ranta ya ɓaci. Hinatea, 'yarta tilo, wadda ta tafi Faransa karatu ta zauna can tana aikin kare haƙƙin masunta, ta riga ta gaya mata a waya. Sunanta yana can ƙasa cikin 'yan takarar wata ƙaramar jam'iyya ta mutanen tsibirai, masu neman kujera a majalisar Tarayyar Turai, inda kowace ƙasa ke tura wakilanta. Jam'iyyar ba ta da ƙarfin buga takardun ƙuri'a ta aika su har ƙarshen duniya. Doka ta ce to, mai son su ya buga da kansa, a farar takarda, daidai girman da aka ƙayyade.

"Mama, ba ci za mu yi ba, ni ma na sani," in ji Hinatea. "Amma ranar da za a fitar da sakamako gari-gari, ina so in dubi sunan tsibirinmu in ga ba sifili ba ne. Shi ke nan abin da nake roƙo. Af, kwalin kifin ya iso. Furen ya bushe, amma har yanzu ɗakina ƙamshinsa yake."

To ka ji zalunci sanye da rigar doka. An ce kowa da ƙuri'arsa, mai zama a Paris da mai fasa kwakwa a tsakiyar teku duk ɗaya ne. Amma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya: manyan jam'iyyu an kawo musu takardunsu har bakin ƙofa, talaka kuma an ce ya je ya nemo injin bugawa, a tsibirin da wutar lantarki ma sai ta ga dama.

Tihoti, ƙanin marigayi mijinta, yana zaune a barandar da hular babbar jam'iyyarsa, don shi ne wakilinsu a wurin zaɓe.

"Mama Tetua, me kike lalube? Ko 'yar majalisar tamu ba ta aiko da kaya ba?" Ya ƙyalƙyale da dariya. "In ba ka da gashin wance, kada ka yi kitson wance."

"Kai dai riƙe hularka da kyau, kada iska ta ɗauke," ta ce. "Ita kaɗai ka samu a wurinsu tun muna yara."

Injin bugawa ɗaya ne ke aiki a duk tsibirin, a ɗakin shan magani. Poema, ma'aikaciyar jinya, ta jawo takardar daga wayarta ta danna. Ta farko ta fito tas, har Mama Tetua ta bi sunayen da yatsa ta tsaya a kan na 'yarta. Ta biyu ta fito da zane-zane kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Ta uku fara fat.

"Tawada ta ƙare, Mama," in ji Poema. "Sai jirgi ya dawo."

Jirgi kuwa ba zai dawo ba sai bayan zaɓe. Maƙwabtan da suka yi mata alkawarin ƙuri'a suka ɗaga kafaɗa, wasu ma daɗi suka ji, don da ma zaɓen Turai ba ya gabansu. "Turai na ina, mu muna ina?" suka ce. Saura takarda ɗaya ke nan a duk tsibirin, Mama Tetua ta sa ta a ƙasan akwati cikin fararen kayanta na zuwa coci.

Ranar Asabar aka yi zaɓen, don su nan sukan riga Faransa jefawa. Ta sa doguwar rigarta da malfar saƙa, ta tsinko furen tiyare fari ta maƙala a bayan kunne. Makarantar da ake zaɓen ba kowa, sai Tavana da wakilai suna hamma. Ta ɗauki ambulan ta shiga bayan labule, ta ninke takardar a hankali ta zura. Sai ta tsaya tana kallon ambulan ɗin.

A wannan tsibiri ba a aika wa ɗa saƙo tsirara. Ko kifi ne busasshe, ko man kwakwa, ko wasiƙa, uwa takan sa furen tiyare a ciki, don ɗan ya san hannun da ya ɗaure. Haka uwarta ta yi, haka ita ma take yi tun ranar da Hinatea ta hau jirgi. Wannan ambulan kuwa ai saƙo ne zuwa ga 'yarta. Ko tunani na biyu ba ta yi ba, ta zare furen daga kunnenta ta tura ciki, ta fito ta jefa a akwatin gilashi. Tavana ya ce, "Ta jefa." Ta sa hannu ta koma gida zuciyarta wasai.

Da yamma, rana ba ta kai ga faɗuwa ba, ta dawo kallon ƙirga, don a gaban kowa ake yi. Ana buɗe ambulan ɗaya-ɗaya ana kiran sunan jam'iyya. Takardun da suka sha ruwan gishiri suka yi ta fitowa, wata da tabo ruwan ƙasa, wata tawadarta ta malale, duk aka ƙirga su ba wanda ya ce uffan. Can malamin makarantar da ke buɗewa ya girgiza wani ambulan, sai ga fure ya faɗo kan teburi, ƙamshinsa ya cika ajin.

Aka kwashe da dariya, dariya ta ƙauna, har da masu tafi. Sai Tihoti ya ɗaga hannu.

"Tavana, wannan lalatacciya ce. Doka ta ce duk ambulan da aka samu wani abu a ciki ban da takarda, alama ce ta gane mai jefawa."

Mama Tetua ta miƙe.

"Alamar gane wa? Tihoti, kalle ni nan. Akwai wanda bai san tawa ba ce a ɗakin nan? Takarda ɗaya aka buga a tsibirin nan kaf, a gabanka na wuce da ita! Ko ba fure, wa za ka ce ya jefa, kifi?"

"Ni ba ni na rubuta dokar ba."

"Naku fa? Dubi naku, kowace da tabonta kamar zanen goyo! Laifi tudu ne ko? Ruwan teku ba alama ba ne, sai fure?"

Tavana ya cire tabarau ya goge, ya ƙi haɗa ido da ita. "Mama, ki yi haƙuri. Ruwa tsautsayi ne, fure kuwa da hannu aka sa. In na ƙirga ta, Tihoti ya rubuta ƙorafi, a Papeete, babban birni, za su soke ta duk da haka."

"Sai ya rubuta! Tihoti, yarinyar nan kai ka koya mata iyo. A kafaɗarka ta fara ganin teku. Ƙuri'a ɗaya me za ta rage wa mutanenka, su da ko sunanka ba su sani ba?"

Tihoti ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, amma bai janye ba. Abin takaicin ke nan: ba mugu ba ne, tsoro kawai yake kada a ce bai yi aikinsa ba a karɓe masa hular.

"To ku ba ni takardata," ta ce.

Ita ma aka hana. Lalatacciyar ƙuri'a sai wakilai sun sa mata hannu an haɗa da rahoto an aika Papeete. Tana tsaye Tihoti ya rattaba hannunsa a bayan sunan 'yar wansa. Malamin ya rasa yadda zai yi da furen, ya mayar da shi cikin ambulan ɗin ya liƙe.

Washegari Lahadi, tana fitowa daga coci wayarta ta yi ƙara. Muryar Hinatea a sanyaye take, irin ta wanda ya gama kuka ya wanke fuska.

"Mama, na duba. Ba komai, wallahi ban ji haushi ba. Na san samun injin bugawa a can da wuya. Da ma ban ɗora miki wahala ba."

Wannan uzurin da aka yi mata ya fi hukuncin Tavana ciwo. Mama Tetua ta zauna a kan katangar coci, hawaye na zuba kan farar rigarta.

"Sakamakon na gabanki?"

"Yana nan."

"Me aka rubuta a gaban jam'iyyarku?"

"Sifili, Mama."

"To gangara ƙasa, inda aka ce lalatattun ƙuri'u. Nawa kika gani?"

"Ɗaya," in ji Hinatea.

"Ni ce," in ji Mama Tetua. "Na sa miki fure a ciki."