Ranar da Kinuye Ta Ƙi Matsawa

Abin ya samo asali ne daga jana'izar Fusano. Matar nan ta yi shekara tamanin da huɗu a ƙauyenmu, ta haifi shida, ta noma shinkafar da za ta ciyar da rabin lardi. Amma da ta mutu aka tashi neman hoton da za a kafa gaban akwatin gawa, sai gida ya rikice. Aka zazzage durowa, aka ɗaga tabarmi. Daga ƙarshe aka samo wani na tafiyar da ƙungiyar tsofaffi ta yi zuwa wankan ruwan zafi, mutum arba'in a jere gaban bas. Nan aka yanko kanta aka ƙara masa girma. Fuska ta fito dishi-dishi kamar ana hango ta a ƙasan kwanon miya, ido ɗaya a rufe, ga kafaɗar wani ƙato manne da kunnenta, har da rabin tawul ɗinsa.

Kinuye, maƙwabciyarta, ta durƙusa awa biyu tana kallon hoton nan, ana ta karatun gawa. Matan da ke bayanta kuwa ba karatun suke bi ba.

"Kafaɗar wa ce?"

"Ta mai gyaran famfo ce. Dubi tawul ɗin."

"Oh, Fusano. Da ranta ko gaisuwarsa ba ta amsawa."

Hoton nan kuma shi za a rataye a gida, sama da inda ake kunna wa magabata turare. Jikoki su yi ta rusuna masa kullum safe, shi da kafaɗar mai famfo, har gidan ya rushe.

Kinuye ta dawo gida da abin a ranta. Shekararta saba'in da tara, kuma likita ya riga ya sa mata rana a wata mai zuwa, zai buɗe ƙirjinta ya gyara wani abu da ya ce yana yoyo. Ya ce aikin ba wuya. Haka ya ce wa Fusano.

To amma ita me zai dame ta? Ai mijinta Shozo shi ne mai hoton ƙauye. Tun da ya bar aikin gidan waya, shekara ashirin da biyu ke nan, ba ya rabo da kyamara mai hanci kamar taɓarya. Kowane lokacin sanyi, in hakucho suka sauko daga Rasha, manyan fararen agwagin nan masu dogon wuya, Shozo yana bakin kogi tun kafin gari ya waye. Ɗaki guda ya cika da hotuna. Sai ta shiga ɗakin ta zauna, ta yi kwana uku tana buɗawa.

Agwagwa tana tashi. Agwagwa tana sauka. Agwagwa ta cusa kai a ruwa ta ɗaga gindi sama, wannan kaɗai ya fi ɗari biyu. Dila a kan ƙanƙara. Reshe. Wani reshen. Ta samu kanta sau uku: hannunta riƙe da bokiti a gefen wani, takalminta na roba a ƙasan wani, sai na ukun da aka ga bayanta tana gudu.

Gudun ma da dalili. Agwagin nan ba don kyan Shozo suke taruwa a gabansa ba. Kinuye ce kullum take saɓa bokitin tsakin shinkafa, ta gangara cikin ƙanƙara har bakin ruwa, ta watsa, ta kira su. In sun taru sun yi fari fat, sai a ji muryar maigida daga kan tudu: "Ke, matsa!" Sai ta ruga bayan duhuwar kara ta tsuguna. Hoton ya fito, mutanen birni su yi ta girgiza kai, wai ga daji tsantsa inda ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Ɗan Adam yana bayan kara, majina ta daskare masa a hanci.

Da yamma suna zaune, ƙafafu a ƙarƙashin ɗan teburin nan mai bargo da ake ɗumama ƙafa da shi, ta ajiye masa shayi ta ce, "Tsoho, so nake ka ɗauke ni hoto."

"Na me?"

"Na fuskata. Irin wanda ake kafawa."

Bai ɗago daga goge gilashin kyamara ba. "Bar wannan maganar, babu kyau."

"Ta Fusano ce ta yi kyau?"

"Ke ba ki san aikin ba. Wannan hancin ba ya kama abin da ke kusa. Sai abu ya kai taku talatin."

"To in je ƙarshen gonar kabeji in tsaya."

"Hasken can ba shi da kyau."

"A cikin ɗaki fa?"

"Hasken ɗaki ai ba haske ba ne." Ya hura gilashin. "Kuma mutum ba ya hotuwa. Da ya ga kyamara sai ya sandare. Tsuntsu shi bai san ƙarya ba. Ki shiga bas ki je gari, akwai mai ɗakin hoto kusa da tasha."

"In je in ce masa me? Ga matar Shozo mai kyamara ta zo, a taimaka mata? Kafin in dawo labari ya riga ni sauka daga bas."

"To bari sanyi ya wuce."

"Likitan ma in ce masa ya bari sanyi ya wuce?"

Ya kurɓi shayi ya ce ya yi sanyi. Shekara hamsin da shida suna tare, ta san in ya soki shayi to magana ta ƙare.

Akwai wata safiya da masu hoto suke jira kamar haihuwa. Sai sanyi ya kai maƙura, iska ta kwanta, sama ta washe. A irin wannan ranar, kogi yakan yi tururi kamar tukunya, itatuwan gaɓa su yi furfura, in rana ta ɓullo duk wurin ya koma ruwan zinariya. Ba ya daɗewa, kafin tukunyar shinkafa ta nuna ya watse. Wata shekarar sau biyu ake samu, wata shekarar ko sau ɗaya. Bara ba a samu ba, Shozo ya yi wata guda yana fushi da kowa, har da kyanwa.

Ranar Laraba rediyo ta ce gobe ne. Shozo ya kasa zama. Ya buga waya birnin Sendai, wasu almajiransa uku na ƙungiyar masu hoto suka ce suna tafe. Kinuye ma ta shiga nata shirin. Ta dai je wurin mai gyaran gashi da rana, ta dawo da ɗankwali ɗaure tam. Bai lura ba. Da gashin tsuntsu ne da ya ƙirga shi.

Da asuba suka fita. Baƙin sun riga sun kafa ƙafafun kyamarorinsu a kan tudu, kowa ya naɗe kamar ƙunshin kaya, suna ta rusuna wa Shozo, "Malam, Malam." Babbansu, wani likitan haƙori mai ritaya, ya ɗan duƙa wa Kinuye ya ce, "Iya, sannu da ƙoƙari," yana kallon bokitin.

Kogin kuwa ya cika alkawari. Tururi yana tashi, itatuwa sun yi fari, gabas ta fara ja. Kinuye ta gangara a hankali cikin tsohuwar rigar gonarta mai auduga. Ta watsa tsaki, ta yi kiran da ta saba. Agwagi suka keto tururin nan, sun fi sittin, suka kewaye ta.

"Ke, matsa!"

Sai ta ajiye bokiti. Ta kwance ɗankwali. Ta tuɓe rigar gona ta rataye a kara. Ga kimono, doguwar rigar adon nan, mai ruwan toka da furanni a gefe, wanda ta sa ranar auren ɗansu, an ɗaure ɗamara tsaf. A ƙasa takalmin roba ne har gwiwa, amma wa yake kafa hoton ƙafa a gaban gawa? Ta ɗauki bokitin, ta juyo ta fuskanci tudu, ta gyara wuya.

Abin da ya fi ba ta daɗi shi ne ba su da ikon yin ihu. Ihu ɗaya, tsuntsaye sun tashi. Sai ga maza huɗu a kan tudu suna faɗa cikin raɗa.

"Ke! Kin haukace ne?"

"Taku talatin ka ce. Na ƙirga, talatin da biyu ne. Hasken ya yi maka?"

"Matsa, don girman iyayenki! Rana za ta fito!"

"Ai ita nake jira."

Likitan haƙori ya tara hannu a baki. "Iya, ki yi haƙuri, tun ƙarfe biyu muka baro gida."

"Sannunku da hanya. Ni shekara ashirin da biyu na yi a bayan karan can, ban iso ba sai yau."

"Malam, ka yi mata magana mana."

"Wace maganar?" in ji Shozo, haƙoransa suna kaɗawa. "Ka taɓa aure kuwa?"

Kinuye ta ɗaga ludayin ƙarfen da take watsa tsaki da shi, ta riƙe shi dab da cikin bokitin. "Tsoho, ka san abin da suke yi in na buga wannan. Bugu ɗaya, sai dai ku ɗauki ruwa da hayaƙi. Ka ɗauke ni, in na ji ƙarar ta ishe ni zan koma mazaunina."

Daidai nan rana ta leƙo. Tururi ya kama kamar an cinna masa wuta, fukafukai suka yi ja-ja, kogi ya zama abin da suka yi shekara biyu suna mafarki. Kuma a tsakiyarsa ga tsohuwa tsaye da ludayi. Wani daga cikin baƙin ya yi wani ɗan kuka kamar an taka shi. Shozo ya dubi rana, ya dubi matarsa, ya cusa ido a kyamara.

Ta ji ƙarar, kyat-kyat-kyat, kamar ana yanka kabeji. Ta tsaya ƙyam. Sanyi ya shiga ta hannun kimono ya zauna mata a ƙashi, murmushin da ta yi kwana uku tana gwadawa a madubi ya daskare a inda yake. Wata uwar agwagwa da ta gaji da jiran tsaki ta miƙo wuya ta kan kafaɗarta ta cafki bakin bokiti. Kinuye ta juya ta ce, "Ke, don ubanki!" Dariya ta kuɓuce mata. Sannan ta juye sauran tsakin, ta ɗauki rigarta, ta tafi bayan kara. Ta bar musu ragowar hasken, kamar na shan shayi kofi guda.

Baƙin ko karyawa ba su tsaya yi ba. Shozo bai yi mata magana ba har azahar. Sai da ta dafa masa miyar da yake so, sannan ya jona kyamara a talabijin, yana ƙunƙuni.

Hoto ɗari da 'yan kai ya ɗauka tana tsaye. Ta matso, ta sa tabarau. Na farko: agwagwa tar, ana ganin ɗigon ruwa a bakinta, bayanta wani abu mai ruwan toka kamar buhu. Na biyu haka. Na talatin haka. Hannun mutumin nan ya saba, ko an ɗora masa wuƙa a wuya tsuntsu zai nema. A wasu ma kanta bai shiga ba, sai ɗamara da bokiti.

"Wannan buhun ni ce?"

"Na gaya miki mutum ba ya hotuwa."

"Ci gaba."

Can wajen ƙarshe sai ga shi. Uwar agwagwar nan ta kawo kanta dab da kuncin Kinuye, to da ya nemi idon tsuntsuwar, dole fuskar matarsa ta shigo cikin rabo. Komai ya fito: gashin da aka gyara, tamojin goshi, haƙorin ƙarfe na gefe, baki buɗe tana dariya, hasken zinariya ta baya. Dogon farin wuya kuma ya ratsa kafaɗarta ya bi ta ƙirji.

Shozo ya matso kusa da talabijin. Ya daɗe yana kallo.

"Dubi idon nan," ya ce a hankali.

"Nawa ko nata?"

Ya yi tari, ya ce shayi ya yi sanyi. Bai ko taɓa kofin ba.

Ranar Litinin ta shiga bas da kanta ta kai wa mai ɗakin hoto na kusa da tasha, a wanke hoton a sa shi cikin firam na katako. Yanzu ba kunya, aikin mijinta ta kawo. Mutumin ya duba, ya sosa ƙeya.

"Iya, hoto ya yi kyau. Sai dai in na kafawa ne, bari in goge tsuntsun. Minti goma ne, in sa miki shuɗin bango a baya. Kar a yi irin na wata baiwar Allah da aka kawo mini kwanaki, da kafaɗar wani."

"Na san ta. Bar mini agwagwata."

"A gaban gawa, Iya? Mutane za su yi magana."

"Su yi, ina kwance ba zan ji ba." Ta ɗaure bakin jakarta. "Ɗana, a bangon gidanmu za a rataye hoton nan, kuma tsohon nan na san shi. In ka sa shuɗin bango, sai ƙura ta rufe ni bai ɗaga kai ba. In da tsuntsu a ciki, kullum safe sai ya tsaya ya duba."

Aka yi yadda ta ce. Ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a durowar sama, ta nuna wa surukarta wurin, sannan ta haɗa kayan asibiti. Sau biyu kafin ta tafi tana shiga ɗakin ta tarar an kwance ƙyallen an sake ɗaurewa, ɗaurin maza, a karkace. Ba ta tambaya ba. Ta dai gyara ɗaurin.