Gajere Ya Bar Mana Gola

"Tsaya, tsaya! Wa ya biyo ka?"

Gola ya tsaya cak, robar ruwan da ya riƙe a madadin makirfo tana daf da bakinsa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Babu kowa, Baba."

"To gudun me kake yi? Ka zuba labari uku ban gama haɗiye yawu ba. Magana ce ko tseren keke?" in ji Gajere daga kan gado.

Ni ina durƙushe a gefen gadon da guduma, ina kafa wani katako da zai tokare bayan Gajere, domin a kwanakin nan in ya miƙe sosai numfashi yakan ƙi shi. Gajere maƙwabcina ne tun muna da baƙin gashi, bango ɗaya ya raba shagona na kafinta da ɗakinsa. Sana'arsa barkwanci. Yakan hau dandamali shi kaɗai, babu kiɗa babu rawa, ya yi ta magana har manyan mutane su riƙe ciki. Da ita ya ci, da ita ya aurar da 'ya'yansa. Yanzu zuciya ta gaji, ƙafafu sun kumbura kamar an hura su, likita ya ce a mayar da shi gida a riƙa ba shi abin da ransa ke so. Autarsa ce ke jinyarsa.

Na buɗe baki zan sa nawa, Gajere ya ɗaga mini hannu.

"Ɗaure-Fuska, don Allah riƙe karin maganarka. Ciwon da ke jikin yaron nan ya ishe shi."

Haka yake kirana tun da can. Na mayar da ƙusoshina baki, na ci gaba da aikina.

Shi Gola ba yaro ba ne, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, gidansa na ƙarshen layinmu. Ya daɗe yana tsare wa kulob ɗin garin raga, har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gama. In ana tafiya wasa, a cikin mota shi ke ba 'yan uwansa dariya, suka yi ta zuga shi wai dandamali ne ya dace da shi. Bai tsaya tambayar kowa ba. Ɗinkin gwiwa bai gama kamewa ba sai ga hotonsa a jikin kowane turken lantarki, hannu ɗaya da safar gola, ɗaya da makirfo. Babban ɗakin taro ya kama, ya kuwa cika maƙil, don mutane na son ganinsa. Ban je ba, amma an nuna mini a waya. Ya yi magana, shiru. Ya ƙara, ya yi dariya shi kaɗai, shiru. Can daga baya wani ya ɗaga murya ya ce, "Koma raga!" Aka kwashe da dariya, ita ce kaɗai dariyar da 'yan kallo suka yi a wurin. Daga nan aka fara sulalewa.

Tun ranar Gola bai sake bin layinmu ba. Ya kulle kansa a ɗaki, matarsa ke zuwa kasuwa, ita ke kai yara makaranta. Ita ce ta gaya wa Auta cewa ya fara zancen su tattara kayansu su bar garin. Da Gajere ya ji, ya aika a kira shi. Ya zo, amma ta lungun baya, ya janyo hula har gira.

"Zauna," in ji Gajere. "Waɗancan masu yi maka dariya a mota, wa ne kyaftin ɗinsu?"

"Ni ne."

"To ka gani. Ko tari ka yi sai sun dara. Wanda ya zo ya zauna a kujera ya naɗe hannu kuwa, ba ya jin nauyinka. Gaya mini, ranar da ka fara wasa, a babban fili aka sa ka?"

"A'a, Baba. A bayan makaranta, duwatsu biyu ne ragar."

"Shekara nawa ka yi kafin ƙafarka ta taka ciyawa?"

Gola ya sunkuyar da kai.

"Ni a rumfar masu gyaran keke na fara. 'Yan kallona ba su cika benci ba, ɗaya ma barci yake." Gajere ya tsaya ya nemo numfashi. "Amma ba wannan ne babban ciwonka ba. Labaranka duk na ji su. A kowanne kai ne ka cafke ƙwallo, kai ne aka ɗaga sama. Wa zai yi dariya don wani ya yi nasara? Sai dai ya tafa maka, in mai kirki ne. Ba ni labarin wadda ta wuce ka ranar wasan ƙarshe na cin kofi."

Babu wanda bai san wannan ƙwallo ba a garin. Wani ɗan bayansu ne ya maido masa ita a hankali, irin wadda ko tsohuwa za ta tare da tsintsiya, ta gangaro ta shige raga, Gola kuwa ya ba fili baya. Da ita aka rasa kofin. Ba wanda ya taɓa jin dalili daga bakinsa.

"Baba, kirana ka yi don ka ƙara mini?"

"Kiranka na yi don ka ba ni dariya. Ka ga ina da sauran lokacin wasa?"

Gola ya ajiye robar a kan tebur, cikin kwalaben magani, ya fita yana ɗingishi. Auta ta leƙo.

"Baba, ka kore shi."

"Zai dawo. In bai dawo ba, da ma ba tasa ba ce."

Haka ya faɗa da baki. Amma kowace safiya in na shiga duba shi, kafin ya amsa gaisuwata sai ya ce, "Ya zo?" Abinci ya koma cokali biyu, daga baya sai ruwa. Muryar nan da ke cika ɗakin taro ta koma sai ka kai kunne. Da na ga haka, na rufe shago na taka har ƙarshen layi. Matarsa ta buɗe mini, na tsaya a tsakar gida na yi magana yadda zai ji daga ciki.

"Kai Gola, ni ban iya lallashi ba. Mutumin nan kwanakinsa sun ƙure, kuma kai yake tambaya. Kunyarka za ta jira, shi ba zai jira ba."

Ban tsaya jin amsa ba.

Da hantsi sai ga shi, ta lungun dai. Gajere ya buɗe ido ya dube shi, ya ɗora hannu a kan bargo.

"Ka ga yatsan nan? In na ɗaga, ka yi shiru. In na sauke, ka ci gaba. Bismillah."

Gola bai ɗauki roba ba. Ya zauna a bakin gado yana murza hularsa.

"Lokacin ina neman auren uwar yaran nan ne. Mahaifinta ya ce shi bai gane sana'ar da magidanci ke tafiya aiki da gajeren wando ba. Na ce ya zo ya gani da idonsa. Na samo masa wuri mai kyau, daidai bayan ragata. Aka fara wasa, bai zo ba. Aka dawo hutun rabin lokaci, bai zo ba. Saura ƙiris a tashi, sai na ji a bayana an ce, 'Salamu alaikum, sannu da aiki.'"

Yatsa ya tashi. Gola ya haɗiye sauran maganar, leɓensa na rawa kamar dokin da aka ja wa linzami. Auta da ke ninke zanin gado a bakin ƙofa ta tsaya da shi a hannu. Sai da shirun ya fara nauyi, sannan yatsa ya sauka.

"Baba, ya zan yi? Surukina ne fa. Na juya, na cire safar hannu, na durƙusa. Ya tambayi mutanen gida, na ce lafiya. Ya tambayi jikin mahaifiyata, na ce da sauƙi. Yana cikin tambayar gajiya, sai ga ƙwallo ta zo ta wuce ni a hankali, ta kwanta a raga tsakanina da shi, kamar ita ma gaisuwar ta zo."

Auta ta toshe baki da zanin. Gola zai ɗora, yatsa ya sake tashi. Ya jira. Yatsa ya sauka.

"Fili duka ya ɗauki sunana, zagi ta ko'ina. Shi kuwa da ya koma gida ya tara iyalinsa ya ce, 'A ba shi yarinyar nan. Ban taɓa ganin mai farin jini irinsa ba. Dubban mutane, sunansa kawai suke kira, har da na mahaifiyarsa.'"

Gajere ya yi dariya wadda babu sauti a cikinta, kafaɗunsa kawai ke girgiza, hawaye na gangara cikin kunnensa. Sai tari ya sarƙe shi. Auta ta yar da zani ta ruga ta tallafo shi, ni ma hankalina ya tashi.

"Baba, ka ga irinta ko? Likita ya ce kada ka wahalar da ƙirjinka!"

"Ƙyale ni, Auta. Wannan ta fi allurarsa." Da ya samu kansa sai ya dubi Gola. "Kada kanka ya kumbura. Ba ka iya ba tukuna. Kada in ji ka sake buga hoto. Ka nemi inda mutane ke zaune ba su da niyyar dariya, ka yi ta faɗa musu har ya daina yi maka zafi. Amma akwai abu a wurin. Akwai."

Bai ƙara daɗewa ba. Wata safiya Auta ta goge masa fuska, ya ce ta buɗe taga yana son jin motsin layi. Ni ina shago ina yankan katako sai na ji ana buga bango da tafin hannu. Kafin in zagayo ya cika. Kansa na jingine da katakon nan, fuskarsa a sake kamar wanda aka gaya wa abu mai daɗi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Aka jera kujeru a ƙofar gida, layi duka ya fito. A nan babu lungun baya. Gola ya zo ta gaba, da shi aka kai Gajere makwancinsa, da aka dawo ya nemi kujerar ƙarshe ya zauna, hula har gira. Kashegari da yamma masu gaisuwa suka shiga tuna barkwancin marigayi. Wannan ya ɗauko ya ɓata, wancan ya ɗauko ya fara da ƙarshe. Sai Mai Aski na bakin titi, wanda bakinsa ba ya da birki, ya waiga.

"Ku daina wahala, ai ga magajinsa can. Gola, za ka taɓa mana, ko a kawo maka raga?"

Wasu suka yi ƙasa da kai suna murmushi. Na gyara zama zan tsawatar, sai na ga Gola ya miƙe. Na ce a raina shi ke nan, gida zai tafi ya ɗaure kaya. Ya tsaya, ya cire hular, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Ragar nan da kake faɗa, bari in gaya muku abin da ya faru a cikinta ranar kofi."

Da ya kai wurin sannu da aiki, ya yi shiru. Ya daɗe har ana jin kukan injin niƙa daga layin baya. Wani dattijo mai sanda ya kasa haƙuri ya ce, "To sai aka yi yaya?" Sannan ya ci gaba. Da ya kai ƙarshe, wurin ya fashe. Mai Aski ya zame daga kujera, dattawa suna goge ido da bakin riga. Daga cikin gida ma aka ji mata sun ɗauka, muryar matarsa ta fi ta kowa. Ni a tarbiyyar da aka yi mini ba a dariya a gidan rasuwa. Amma gidan Gajere ne, na kama bakina.

Da ya ga ta karɓu sai zumuɗi ya ɗebe shi, ya ɗauko wani labarin na yadda ya tare bugun fenariti. Wannan bai tashi ba. Ya ji da kansa tun a tsakiya, ya ce, "Wannan bai nuna ba tukuna," ya koma ya zauna.

Da ana tattara kujeru Mai Aski ya same shi.

"Ka leƙo shago in ka samu sarari. Benci ɗaya ne, kuma masu jiran layi ba su da mutunci, na gaya maka tun yanzu."

"Su nake nema," in ji Gola.

Bayan an share makoki matarsa ta aiko babban ɗansu, wai ƙofar kicin ɗinsu ta lalace, in yi musu sabuwa mai ƙwari. A nan na gane zancen barin gari ya mutu. Da na gama na ɗora ta a kai na nufi ƙarshen layi, hanya ta bi da ni ta gaban shagon aski.

Gola na tsaye a bakin ƙofa, ya sauke nauyinsa a kan ƙafar dama, yana magana da hannu. A kan benci mutum uku ne, ɗaya yana latsa waya ko ɗagowa bai yi ba. Wanda ke kan kujerar aski, rabin kansa a aske rabi da gashi, dariya ta ci ƙarfinsa, ya kama wuyan hannun Mai Aski ya riƙe, injin na ta kuka a iska.