Kwanon Ɗakin Khairat

Sau uku ke nan yarinyar tana wucewa da faranti a hannu, kuma sau ukun ba ta ko dubi kusurwar da Malam Nababa yake zaune ba. Na farko ta kai wa wasu 'yan awo biyu da suka same shi a wurin. Na biyu ta kai wa mai sayar da taki. Na uku ta dire wa wani direba mai ƙaton ciki, wanda ko gama gaisawa da mutane bai yi ba.

Malam Nababa ya gyara zama a kan benci, ya ce a ransa, "To, na fara gani."

Ganin ya zo yi kuwa. Shi mutum ne da ba a ba shi labari. In ka ce masa an yi ruwa a gonarsa, sai ya je ya tura yatsa a ƙasa kafin ya ce alhamdu lillahi. Ɗansa Basiru, mai sayen wake da gyaɗa kasuwa-kasuwa, shi ya zo da maganar yana son wata yarinya a Gezawa, Khairat, 'yar wata Babarbariya mai gidan abinci a bakin tasha. Aka tura ƙanen Malam Nababa bincike, ya dawo da yabo. Aka tura ƙanwar Hure, uwar Basiru, ita ma ta dawo da yabo har tana rantsuwa. Yabon ne ya yi masa yawa. Yarinyar da take wuni a gaban maza tana miƙa musu kwano, a ce ba a samu ko abu ɗaya ba? Ga shi tun da Basiru ya fara cin abincin gidan ya daina yaba tuwon uwarsa, kuma kowa ya san ta ciki ake kama namiji.

An riga an tsayar jibi Juma'a manya za su kai gaisuwa. Shi ya sa yau Laraba ya ce wa Hure zai je Bichi neman maganin ƙwari, ya sa tsohuwar rigarsa ta zuwa gona, ya kifa malafa, ya hau mota biyu daga Kunci ba tare da ya karya ba. In ya ga abin da bai yi masa ba, ba Juma'ar da za a je.

"Ke yarinya!"

Ta zabura kamar an tsikare ta da ƙaya. Maimakon ta zo, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta faɗa bayan labule. Ya ji ana ƙus-ƙus a ciki. Labulen ya ɗan motsa, wani ido ya leƙo, ba nata ba, na babbar mace, ya koma. Can sai ya ji zakara ya yi ƙara a bayan rumfar, ƙarar ta yanke. Ya karkata kai ta tsagar langa-langa, ya hango mahaucin tasha yana goge wuƙa, ga jajayen fuka-fukai a ƙasa.

Jan zakara. Ana tsakiyar ciniki, tukwane cike da nama, me ya kawo yankan jan zakara? Da walakin, goro a miya.

Aka kira azahar. Ya je masallacin tasha ya yi salla, ya ƙara da addu'ar neman tsari, ya dawo. Bencinsa yana nan, an ma shimfiɗa masa darduma a kai, amma ba abinci. Darduma za a ci? 'Yan awo sun tafi, wasu sun maye gurbinsu, suna ta loma. Direban nan mai ciki yana kan faranti na biyu. Malam Nababa ya matsa kusa da shi.

"Sannu, malam direba. Ka san mutanen gidan nan?"

"Ni Sama'ilu? Shekara tara ina cin abincin Ya Amsa, mai gidan. Motata ma in ta zo nan da kanta take tsayawa."

"Haka suke shanya baƙo?"

Sama'ilu ya dubi gaban Malam Nababa, ya ga wayam, ya yi mamaki. "Ba a kawo maka ba har yanzu? Wallahi ban taɓa gani ba. Khairat fa kafin ka gama zama ta dire maka. Yau dai ban san me ya taɓa ta ba, ɗazu miyar wani ta zuba wa wani."

Wato shi kaɗai aka ware. Wannan ya fi komai tsaya masa a rai. Da kowa ake wa haka, da sai ya ce lalaci ne. Amma a zaɓe shi a cikin mutum goma sha, shi da ba wanda ya san shi a garin?

Sai da ya cire rai sannan labulen ya buɗe. Ta fito a karkace, tana tafiya kamar mai taka ƙwai, fuska a rufe, kai a ƙasa. Ba ta iso gabansa ba. Can ƙarshen bencin ta rusuna ta ajiye, ta motsa baki da wata magana da ko ƙuda bai ji ba, ta juya da sauri har tana tuntuɓe da takalmin wani. Ba buta, ba ruwan sha, ba ko cokali.

"Ke! Ruwan wanke hannu fa?"

Ina, ta shige.

Ya jawo abincin da kansa. Kowa a faranti ake zuba masa, shi kuwa a kwano ne mai murfi, sabo fil, mai zanen furanni, takardar kanti ma ba a gama ɓare ta daga gindinsa ba. Ya ɗaga murfin. Burabusko ne, wara-wara, an kwarara masa man shanu, ga miyar yakuwa da gyaɗa a gefe, ga zakaran nan a kwance a ciki, cinya biyu da ƙirji. Ƙamshin ya bugi hancinsa, yawunsa ya tsinke, cikinsa ya yi wani kuka da ya ba shi kunya. Amma bai sa hannu ba.

"Malam Sama'ilu, bismilla."

"A'a, na ƙoshi."

"Haba, taɓa dai. Abinci ba ya daɗi mutum ɗaya."

Direba ba ya ƙin tayi sau biyu. Ya kai loma, ya yagi tsoka, ya lumshe ido. Sai ya buɗe su ya ƙura wa Malam Nababa.

"Wannan ba daga tukunyarmu ya fito ba. Shekara tara ban taɓa samun irin wannan ba. Malam, kai wane ne?"

"Manomi ne, mai wucewa."

Tukunya daban, kwano daban. Biri ya yi kama da mutum. Ya zauna yana kallon direban, yana jira ya ga ko idonsa zai juya, ko zai fara sambatu. Sama'ilu dai ya suɗe yatsa ya yi gyatsa. Malam Nababa ya tashi ya je ya wanke hannu da butar masallaci, ya dawo, ya karanta abin da ya sawwaƙa ya tofa a kwanon, ya ce loma ɗaya kawai zai yi don ya san abin da ake ba ɗansa.

Gaskiya dai gaskiya ce, ko a bakin mai zargi. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cin abu mai daɗin wannan ba. Tsamin yakuwar ya tsaya daidai inda ya kamata, gyaɗar ba ta danne shi ba, naman yana rabuwa da ƙashi tun kafin a ja. Loma ɗaya ta zama goma. Ya ture malafa baya, ya naɗe hannun riga. Yana ci yana jin haushin daɗin, don kowace loma ƙara tabbatar masa take yi cewa ba banza ba. Yana cikin haka yaji ya sarƙe shi.

Ya yi tari, ya yi tari, hawaye suka zubo. Ya buga benci. "Ruwa!"

Ta bayyana a bakin labule da kwanon sha a hannu biyu, ruwan yana zuba a ƙafarta. Ta yi taku biyu. Ya ɗago jajayen idanu ya dube ta, ga maiƙo a gemu, ga ƙashin cinya a hannu. Suna haɗa ido ta juya da ruwan ta koma ciki.

Nan haƙurinsa ya ƙare. Sama'ilu ya miƙo masa ragowar ruwan ledarsa, ya kurɓa, ya miƙe tsaye.

"Wannan wane irin gida ne? Tun kafin azahar nake zaune kamar maroƙi! A ajiye wa dattijo abinci a ƙarshen benci kamar na kare, yana shaƙewa a hana shi ruwa? Ashe gaskiyar mutane ne, 'yar tuwo-tuwo ba ta san darajar manya ba, sai ta samari masu mota. Duk wanda ya kai wannan gidansa, ya kai wa kansa wahala!"

Wani ya tsaya da loma a hanya. A bayan labule aka ji wani abu ya faɗi, kwanon sha ne, ya yi ta juyi a siminti kafin ya kwanta.

Matar da ta fito Ya Amsa ce, uwar Khairat, doguwa, ta manyanta, da tsagar Barebari a kumatu da toka a gefen zani. Ta riƙo wani ruwan a kofi. Ta zo har gabansa ta durƙusa ta miƙa masa, sai da ya karɓa sannan ta yi magana, a hankali, yadda shi kaɗai da direban za su ji.

"Sannu da zuwa, baban Basiru. Ya hanya? Ya mutanen Kunci?"

Kofin ya kusa suɓuce masa. Sama'ilu ya ce, "La ilaha illallahu," ya tuna ya bar mota a buɗe, ya fice.

"In ba damuwa, Malam, mu koma baya. Nan akwai mutane."

Ya bi ta kamar akuyar da aka ja da igiya. A bayan rumfar akwai darbejiya da murhu uku, ga fuka-fukan nan an share an tara. Ta shimfiɗa masa tabarma, ita ta zauna nesa a kan turmi.

"Tun da ka sauko daga mota ta gane ka," in ji Ya Amsa. "Basiru yana nuna mata hotonku na Salla a waya. Ta shigo da sauri ta ce, Ya, ga babansa. Na ce tunda ka zo a haka ba ka son a sani, kada mu tona ka. Amma ba za a zuba wa suruki abincin kasuwa ba. Zakaran nata ne, ita ta kiwata shi. Ita ta dafa, ban sa mata hannu ba. Shi ya sa ka jira."

Malam Nababa ya ajiye kofin a gefen tabarma.

"Laifina ne da ban fito na kawo da kaina ba. Na ga kamar in na fito ka san an gane ka. Na yi ta tura ta, tana zuwa bakin labule tana dawowa. Ta ce, Ya, ta yaya zan tsaya a kansa yana cin abinci? Ka san 'ya'yan yanzu, wasu ba ruwansu. Ita ban san inda ta ɗauko wannan kunyar ba." Ta dubi tukwanen da ke kan murhu. "Shekara goma sha ɗaya da rasuwar ubanta. Da wannan tuwo-tuwon na raine ta."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi tun daga malafa har takalmi. Ya tuna hannuwan nan biyu riƙe da kwanon sha. Can cikin ɗakin ajiye kaya yana jin shessheƙa ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya toshe baki da mayafi.

"Hajiya," ya ce da ƙyar, "magana zarar bunu ce. Yunwa ce da zafin yaji. A yi haƙuri."

"Ba komai, Malam. Ai gara da ka zo. Kowa yana da hakkin ya ga gidan da zai ɗauko 'ya." Ta kakkaɓe zaninta. "Mu ma yau mun ga gidan da za mu kai ta. Maganar Juma'a, kada a wahalar da manya tukuna. Zan yi magana da baffanninta, ita ma zan ji ta bakinta. Za mu aiko."

Ya sa hannu a aljihu, ta girgiza kai tun kafin ya fito da shi. Ta shiga ciki, ta ɗan jima, yana jin muryoyi biyu, ɗaya tana tambaya, ɗaya tana amsawa cikin kuka. Da ta fito tana riƙe da kwanon nan mai furanni, an cika shi, an ɗaure da sabon ƙyalle.

"Ta ce a kai wa innar Basiru, ita ba ta ci ba."

"Kwanon fa? Bari a juye a leda."

"A'a, tafi da shi. Cikin kayan ɗakinta ne, yau aka fara buɗe shi." Ta miƙa masa da hannu biyu. "In Allah ya yi, ka ga ya riga ta isa gidan. In kuma bai yi ba, sai a dawo mana da abinmu."

A motar Kano ya sami kujerar baya, tsakanin buhun albasa da wata mata mai goyo. Ya ɗora kwanon a cinya, ɗuminsa yana ratsa tsohuwar rigar. Gonakin dawa suna wucewa ta taga, kawunansu sun sunkuya, saura kaɗan a yanka. Ga shi zai shiga gida da burabusko daga Bichi, ba maganin ƙwari.

Ba su yi nisa ba waya ta fara ruri a aljihunsa. Ya san mai kiran, Basiru ne, tun jiya yake tambayar ko goron Juma'a ƙwarya ɗaya ya isa. Mai goyon ta dube shi.

"Baba, ana kiran ka."

"Na ji, 'yata," ya ce.

Motar ta faɗa rami, murfin ya yi ƙara. Ya ƙara riƙe kwanon da hannu biyu, ya bar wayar tana ta yi.