Ki Riƙe Waya, Ki Kira Sunanta

Sana'ata ɗaukar hoto a cikin gida, inda maza ba sa shiga. Ranar sa lalle ko ranar suna, a Anka ko a Gummi, in kin ga mace tana kutsawa cikin mata da waya a kan mariƙi, da 'yar fitila a samanta, tana cewa a matsa, to ni ce Zinatu. Mariƙin nan tsawonsa bai kai muciya ba. Yana da baki mai cije waya, da igiyar da ake zura hannu, shi ya sa hotona ba ya rawa ko ana turereniya. Ban taɓa ba kowa aronsa ba. An ce ina da rowa, na ce na ji.

Yayata Habsu tana aure a Sunke. Haihuwa uku ta yi, biyu sun koma, ɗaya a shekarar da gubar dalma ta yi ta kwasar yara. Jannatu ce ta fari, ita ma ta sha gubar tana 'yar shekara biyu, Allah ya yi da sauran kwana. Da yake 'yar fari ce, Habsu ba ta taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso muka tarar, uwa tana kunyar ɗan fari, amma Habsu ta ɗauki abin da zafi fiye da kowa. Tun da aka yaye yarinyar ta koma ɗakin kakarta, Inna Hasana, uwar mijin Habsu. Kakar take ce wa Inna, uwarta kuwa Yaya. In Habsu za ta aike ta sai ta ce "ke", in zancenta take yi sai ta ce "ɗiyar Inna". Na sha tsokanarta a kan haka, iyakarta ta harare ni ta gyara ɗankwali.

Jannatu tana da shekara goma sha ɗaya ciwon ya fara. Da safe yake zuwa, tana tashi daga barci ko tana cikin shan koko, sai ta faɗi ta sandare ta kama jijjiga. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an sayo ƙwaya a kemis, ƙwayar ta mayar da ita kamar mai maye, faɗuwar kuma ta ƙaru. Aka cire ta daga makaranta. Ran da ta faɗi a gefen murhu ta ƙone damtse, na je da kaina na ce wa mijin Habsu, Yakubu, ko ya kawo ta asibiti ko in ɗauke ta da ƙarfi.

Akwai wata likitar yara da take zuwa Anka daga Gusau sau ɗaya a wata. Ta saurare mu, kowa yana faɗin nasa. Inna ta ce hannun hagu ke farawa, Yakubu ya ce dama, Habsu ta sunkuyar da kai.

"Ciwon nan kala-kala ne," in ji likitar. "Maganin wani yana tsananta wani, kun dai gani da idonku. Ina son in gani da kaina. Ku ɗauke ta a waya tun farko har ƙarshe, in ga fuska, in ga ido, in ga inda yake farawa. Kuma wani ya kira sunanta da ƙarfi, in ga ko tana ji."

Na ba Habsu tsohuwar wayata na nuna mata inda ake dannawa. Da wata ya zagayo muka koma, likita ta buɗe hoton a gabanmu. Wallahi kunya ta kama ni. Rufin ɗaki, duhu, ƙafar gado, duhu, sai salati da kuka. An kwashi yarinyar an kai ta ƙuryar ɗaki an rufe ƙofa don kada maƙwabta su gani, hannun Habsu kuma yana kaɗawa ba tsayawa. Ko yatsan Jannatu bai fito ba. Likitar ta ajiye wayar ta ce a rage ƙwayar kemis a hankali, amma ba za ta ɗora sabon magani a kan wannan ba. Sannan ta ƙara mana da wani labari. Zuwa ɗaya ya rage mata, an mayar da ita Sakkwato, kuma ba ta san ranar da za a turo wani ba. Daga Sunke zuwa Anka ma sai an tambayi lafiyar hanya, ina mu ina Sakkwato.

Muna fita na sauke wa Habsu kwandon masifa a bakin ƙofa. Ta bari na gama.

"Hannun na ba ya tsayawa, Zinatu," ta ce. "Ina kallonta tana shure-shure, ki ce in tsaya awa itace? Ke ba ki san abin da nika ji ba."

Gaskiya ta faɗa, ban sani ba. Washegari na sa mariƙina da fitilarsa a jaka na hau babur zuwa Sunke, ana tsakiyar kakar biki.

Inna Hasana ce ta fara tare ni. Ta kalli fitilar kamar na shigo da maciji.

"Ɗiya tana kwance cikin wanga hali, ku haska mata wuta ku kai ma duniya ta gani? Mu da muka ruhe ta da zane?"

"Inna, duniya ba ta gani, likita ɗai ka gani. In ba ta gani ba babu magani. Kin hi son ta sake hwaɗawa wuta?"

Na san na yi mata rashin kunya, tsohuwa ce kuma tana son jikarta fiye da ranta. Daga ƙarshe ta ce ita ba ta taɓa wannan ƙarfe, amma za ta juya yarinyar ta gefe kamar yadda aka ce, kuma ita za ta kira sunan. Aka raba aiki a haka. Yakubu yana gona tun asuba yana yankan dawa, nasa shi ne ya kai waya da fitila wurin mai caji kullum da yamma.

Kwana uku ina koya wa Habsu. Zura hannu a igiya, kama da hannu biyu, manne gwiwar hannu a haƙarƙari, durƙusa ƙafa ɗaya, a kunna fitila kafin a danna. Muka yi gwaji da kaji, muka yi da akuya mai cin dusa. Na ce ta daina kallon abin da ke gabanta, ta kalli abin da ke cikin waya kawai, ya fi sauƙi ga zuciya. Ta iya sarai a kan akuya. Jannatu tana zaune a bakin ƙofa tana yi mana dariya, damtsenta a naɗe, lafiya lau kamar ba ita ba. Na yi ta addu'ar abin ya zo ina nan, ina jin nauyin addu'ar a bakina, don wace irin ƙanwar uwa ce take roƙon 'ya ta faɗi. Bai zo ba. Rana ta huɗu na koma Anka, yarana suna jira, ga mai jego da na yi wa alkawari. Na ɗauki hoton sunan da waya tsirara, hoton ya yi rawa, matar ta yi ta ƙorafi, ko a jikina.

Bayan mako biyu Yakubu ya kira ni. Jannatu ta faɗi da safe. Habsu ta kunna fitila, ta danna, ta riƙe kamar ƙiftawar ido, sai ta zare hannu daga igiyar ta yar da komai ta rungume yarinyar. Abin da ya fito tabarma ce kawai. Ya ce wannan karon ya daɗe har leɓenta ya yi baƙi, da ta farfaɗo kuma ta jima ba ta gane kowa ba. Na ce ya ba ni Habsu. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ji numfashinta, na kasa.

"Saura kwana goma sha biyu," na ce.

"Na sani. Ina ƙirgawa."

Kullum da hantsi ina kira, kullum a ce shiru. Kwana goma, kwana bakwai, kwana biyar. Na rasa abin da zan roƙa. In ba ta faɗi ba likita ta tafi, in ta faɗi ba mu san ko za ta tashi ba.

Ranar asibiti suka iso da hantsi a kan babura biyu, Habsu da Inna da Jannatu. Shekaranjiya ta faɗi, in ji Inna, an kuma ɗauka. Na miƙa hannu in duba, Habsu ta riƙe jakar ta ce sai gaban likita. A nan na ga wuyan hannunta, ya kumbura, igiya ta yi masa zobe har fata ta saɓule. Inna ta raɗa mini cewa tun bayan wancan karon, kullum da asuba Habsu take zura hannu ta ƙulle igiyar da ƙulli uku, ta ja da haƙori, don kada ta sake iya zarewa. Da mariƙin a hannu take dama koko, da shi take shara, sai rana ta ɗaga Yakubu ya dawo ya kwance mata.

Likita ta jingina wayar a jikin littattafanta ta danna. Fitila ta haska fuskar Jannatu tas, tana kwance ta gefe a kan tabarma. Hannun dama ne ya fara, yatsu suna fizga, sannan baki ya karkace, kai ya juya dama, ido ya bi shi. Hoton bai motsa ba. Ni da nake taƙama da sana'a ban taɓa ɗaukar abu a tsaye haka ba. Ana jin numfashin Habsu kusa da waya, ana ganin hannun Inna a gefe yana tallafe da kan yarinyar.

"Inna, kira ta," in ji muryar Habsu a cikin wayar.

Inna salati kawai take yi, bakinta ya kasa komawa kan wata kalma.

"Inna, don Allah kira ta."

Salati dai. Jikin yarinyar duka ya ɗauki jijjiga, ƙafarta tana dukan ƙasa.

"Ke," in ji Habsu. "Ke ɗiyar Inna."

Sai shiru, har na ɗauka sautin ne ya ɗauke. Sannan muka ji, can ƙasa, kamar mai tsoron a kama ta.

"Jannatu."

Ta sake faɗi, da ƙarfi wannan karon, muryar tana tsagewa. "Jannatu. Jannatu, ni ta, uwarki ta. Ki amsa mini." Ta yi ta kira, a gaban uwar mijinta, har abin ya lafa. Minti huɗu da wani abu. Yarinyar ba ta amsa ba ko sau ɗaya, hoton kuma bai kauce daga fuskarta ba.

Na share hawayena da bakin hijabi. Inna tana kallon ƙasa. Habsu tun da aka fara ta juya ta fuskanci bango.

Likita ta mayar da farkon sau biyu, ta kalli hannun. Ta ce yanzu ta san irin wanda take fama da shi, daga gefe ɗaya yake tasowa, kuma akwai maganinsa a nan Anka. Ta ce ba ta yi alkawarin zai tafi gaba ɗaya ba, amma in an kiyaye safe da yamma tana sa ran zai ja baya sosai, har a yi maganar makaranta. Ta jawo takarda ta fara rubutu, ɗaya ta magani, ɗaya ta wanda zai gaje ta. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Duk mun manta da Jannatu tana zaune a kan benci a bayanmu. Sai ganinta muka yi a tsaye a jikin tebur, tana kallon wayar.

"Wa ka kirana cikin nan?"

Likita ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Can Inna ta yi gyaran murya.

"Uwarki ta."

Jannatu ta juya ta kalli bayan Habsu, ta daɗe tana kallo.

"Ni ban ji ba," ta ce. "Anti, maido shi baya in ji."

Na kai hannu zan danna, sai Habsu ta juyo. Idonta ya yi ja, ba ta kalli kowa ba. Ta karɓi takardun daga hannun likita da hannu biyu, ta yi godiya, ta ninke su ta cusa a jaka. Ta tsaya kamar mai neman wani abu a cikin jakar.

"Jannatu," ta ce, "ɗauko takalminki mu tai mu amso magani."

"Na'am," in ji yarinyar, ta tsaya inda take, takalman suna ƙafarta.