Nauyin Buhu

Sabi'u na cikin gyara jawabin da ɗan takararsa, Abdulmumini, zai yi a Falgore, sai ɗan takarar ya juyo daga gaban mota.

"'Yan dakon kasuwar Rogo sun ajiye aiki, Alhaji Sulle ya hana ni sakat da kira. Ka je ka lallashe su, ai kai suna jin maganarka."

Alhaji Sulle dillalin hatsi ne, kuma motocin da ke ɗibar musu jama'a zuwa taro duk nasa ne. Shi kuwa Sabi'u, kafin ya zama mai tsara wa 'yan siyasa yaƙin neman zaɓe, a dako ya tashi, har ya riƙe sakataren ƙungiyarsu a Karaye. Can ya koyi haɗa kan mutanen da ba su da komai sai ƙarfinsu, da abin da ya koya ɗin yake cin abinci har yau.

Ya tarar da su zazzaune a inuwar darbejiya, ga manyan motoci sun jeru babu lodi. Shugabansu, Baffa, shi ne ya fara ɗora masa buhu a baya yana saurayi. Suka gaisa, aka tambayi iyali, sannan dattijon ya ƙare masa kallo.

"Da wace riga ka zo mana, Sabi'u?"

"Da ta siyasa, Baffa. Ba zan ɓoye maka ba."

"To zauna."

Baffa ya ce dillalai sun tsiri ɗinka wa buhu ƙari a baki, buhu ɗaya ya koma ɗaya da rabi. Makon jiya wani buhun masara ya sauko da ɗan'uwansu Ɗantala daga kan katakon hawa mota, yana can gida kwance, ƙugu ya ƙi tashi.

"Ba mu nemi komai ba. A mayar da buhu buhu."

Sabi'u ya koma mota. Ya san abin da zai faɗa na iya raba shi da aikinsa, ga zaɓe ya ƙarato.

"Yallaɓai, ban lallashe su ba, suna da gaskiya. Shawarata ka fito ka zauna da su."

"Motocin Alhaji fa?"

"Muna iya rasa su. Amma mutanen nan babu kasuwar da ba sa ci, daga Yammedi har Kafin Dafga. Abin da suka gani yau, gobe yana bakin kowa. In kuma ka ƙi, zan ƙarasa maka jawabin nan, daga shi sai ka nemi wani."

Abdulmumini ya murza zobensa.

"Wannan shawarar ta mai tsara zaɓe ce, ko ta ɗan dako?"

"Yau dai bakinsu ya zo ɗaya."

Wayar ɗan takarar ta sake ƙara. Abdulmumini ya ga sunan Alhaji Sulle, ya miƙa wa direba ita, ya buɗe ƙofa. Da suka isa inuwar ya yi sallama, ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarma. 'Yan dako suka gyara zama, suna jiran irin jawabin da suka saba ji.

Abdulmumini ya ce wa Baffa, "Baba, kafin magana, ina ne gidan Ɗantala?"

Baffa ya dubi Sabi'u, sannan ya jawo takalminsa.

"Mota ba ta shiga lungun."

"To mu taka," in ji Abdulmumini.