Gwajin Kwana Ashirin da Ɗaya a Takur

Ni manomin rani ne a Ringim. Tumatir da albasa nake yi a fadamar da mahaifinmu ya bar mana, kuma ko da na yi difloma ban taɓa zaman ofis ba. Sunana Abdulhakim. A farkon shekarar 2018 abokina Zaharadeen, wanda ke gyaran waya a bakin tasha, ya saka ni a wani guruf na WhatsApp mai suna Haƙa da Hausa ba tare da ya tambaye ni ba.

Ba mu kai hamsin ba a lokacin. Akwai 'yan Dutse, akwai 'yan Jahun da Kiyawa, da mu uku daga Ringim. Maganar kuɗin kirifto ake yi, kuɗin da babu takardarsa, a cikin intanet kawai yake yawo. Yawancinmu ba mu taɓa riƙe ko ƙwayarsa ba. Amma musu kam, kullum. Wani ya ce caca ce, wani ya ce kasuwanci ne, wani ya turo muryar minti tara yana fassara abin da ya karanta da Turanci, rabinsa shi ma bai gane ba. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne haƙar. An ce na'ura ce ake kunnawa ta yi ta lissafi dare da rana, sai a ba mai ita lada da sabon kuɗin. To, a ina ake haƙo shi? Wa ya binne shi?

Mutum biyu ne suka sa ban fita ba. Na farko Malam Mailafiya, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya a Jahun. Bai cika rubutu ba, sai dai ya jefo tambaya ɗaya gajera, guruf ya yi tsit. Ta biyu Injiniya Mahbuba, wadda ke da shagon haɗa sola a unguwar Takur da ke Dutse. Iyayenta makiyaya ne daga wajen Jahun, ita kuma ta karanci lantarki. Idan aka yi ta surutu aka gaji, sai ta zo ta warware abin da Hausar da ko kakata za ta gane. Ita ce ta ce mana, “Ku ɗauka littafi ne guda da kowa ke da kwafinsa. Masu haƙa su ne masu tantance kowane sabon shafi kafin a liƙa shi. Ladan tantancewar ake ba su, babu wani rami.” Tun daga ranar na daina jin kunyar tambaya.

Ana shiga watan Maris sai Fahad ya zo da magana. Fahad ɗan Dutse ne mai sayar da kayan kwamfuta, yana zirga-zirga Kano, kuma yana cikin waɗanda suka buɗe guruf ɗin. Ya turo hoton wasu na'urori masu kama da ƙaramin akwatin ƙarfe, da fanka gaba da baya.

“'Yan uwa, surutu ya isa,” ya rubuta. “Ga na'urorin haƙa na samo, an ɗan yi amfani da su amma lafiyarsu ƙalau. Matsalarmu wuta ce, to Allah Ya ba mu rana kyauta. Duk wanda ya saya, Injiniya Mahbuba za ta haɗa masa sola. Mu ne za mu fara a Jigawa.”

Guruf ya kacame. Kafin la'asar mutum goma sha ɗaya sun ce suna so. Ni ne na bakwai. Na riga na yanke a raina cewa zan sayar da injin ban ruwana da babur ɗina, in ya so rani mai zuwa na yi haya. Matata Safina ta tambaye ni abin da na'urar ke ci, na ce hasken rana, ta dube ni ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari da safe Mahbuba ta turo amsa.

“Malam Fahad, na gode da ka ambace ni. Amma ban taɓa ganin na'urar nan tana aiki a zafin garinmu ba, kai ma ba ka gani ba. Ka ba ni aron guda ɗaya na mako uku. Zan kunna ta a shagona da kayana, kullum in turo abin da na gani. In ta yi, ni zan fara saya.”

Fahad ya amince nan take, don ya tabbata za ta yi. Wasu suka yi ƙorafi, wai mako uku ya yi yawa, wasu za su riga mu. Malam Mailafiya ya rubuta, “Su wa?”

Daga nan kullum bayan azahar sai ta turo hoto uku: mitar wuta, ma'aunin zafi da ta rataye a jikin bango, da fuskar kwamfuta mai nuna abin da na'urar ta haƙo. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ta ra'ayi. A kwana na huɗu ta rubuta cewa na'urar ta kashe kanta da ƙarfe ɗaya da rabi saboda zafi. A na biyar ma haka. Fahad ya ce ai shagonta ne babu iska. Ta ce gaskiya ne, za ta gyara.

A kwana na tara na shiga Dutse neman wani ƙarfen injina, sai na ce bari na leƙa shagon Mahbuba. Tun daga bakin layin na ji ƙarar, kamar an kunna injin markaɗe an manta da shi. Shagon ɗan ƙarami ne, faifan sola jingine a bango, batura a jere a ƙasa. Na tarar da mace siririya sanye da hijabi ruwan toka, ta tattare hannayensa, tana tsaye a kan benci tana yayyafa ruwa a jikin buhun algarara da ta rataye a taga.

Na yi sallama sau biyu kafin ta ji.

“Sannu da aiki, Injiniya. Abdulhakim ne na Ringim.”

“Na bakwai,” ta ce tana murmushi, ta sauko. “Sannu da zuwa, Malam Abdulhakim. Ka yi haƙuri da ƙarar. Mai ɗinkin da ke kusa da ni ya daina gaishe ni.”

Ta nuna mini abin da ta yi. Ta fasa bulo biyu a bangon baya ta saka bututun kwano don iskar zafi ta fice. Ta jiƙa buhuna a taga don iskar da ke shigowa ta yi sanyi. Ta ɗauko faifai shida daga cikin waɗanda take sayarwa ta ɗora a rufi, duk don na'ura ɗaya. Na sa hannu a bakin bututun, na janye da sauri.

“Kina so ta yi ne, ko kina so ta ƙi?” na tambaye ta.

“Ina so ta yi mana. Gida goma sha ɗaya zan haɗa wa sola. Tun da na buɗe shagon nan ban taɓa samun aiki irin wannan a lokaci guda ba.” Ta goge hannunta da tsumma. “Shi ya sa nake ba ta duk abin da take so. Kar gobe a ce ban yi mata adalci ba.”

Ta tambaye ni da me zan saya. Na gaya mata. Sai ta tambayi girman fadamata da zurfin rijiyar. Ba ta ce in fasa ba. Ta ce kawai, “Saura kwana goma sha biyu. Kar ka sayar da komai kafin nan.”

Ranar da kwana ashirin da ɗaya suka cika, Juma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci ta turo saƙo mai tsawo, na farko da ta faɗi ra'ayinta. Ta ce da rana zafi na kashe na'urar sai an yi ta jiƙa buhu. Da dare kuma tana shanye batura kafin asuba, kuma irin wannan shan zai kashe su tun ba su shekara ba. Ta ce abin da na'urar ke haƙowa kullum raguwa yake yi, domin manyan masu haƙa a ƙasashe masu sanyi da arhar wuta suna ta ƙaruwa da sababbin na'urori. A ƙarshe ta rubuta, “Kafin ta mayar wa mutum abin da ya kashe, ta tsufa. Ni ba zan haɗa wa kowa sola don wannan na'urar ba. Wanda ya ga zai iya, ga masu haɗawa nan da yawa a gari, amma ga abin da na gani.”

Fahad ya turo murya, ana jin yadda numfashinsa ke fita. Ya ce ta kunyata shi a gaban jama'a. Ya ce da ta kira shi gefe. Ya ce ya riga ya ɗauko na'urorin daga Kano saboda ya yarda da ita. Wasu suka goya masa baya, wani ma ya ce ai dama mace ba ta da zuciyar kasuwanci. Mutum takwas suka fice a yammacin.

Ta ba shi amsa a rubuce. “Na kira ka jiya sau uku, Malam Fahad, ba ka ɗaga ba, na kuma tura maka saƙo. A gaban jama'a muka yi alkawarin gwajin, dole a gabansu zan faɗi sakamako. Ban ce ka yaudari kowa ba. Kai ma ba ka sani ba ne, kamar yadda ban sani ba.”

Washegari Malam Mailafiya ya turo hoton takarda cike da lissafi da jan biro. Ashe tun ranar farko yake kwafe lambobinta a littafi.

“'Yata Mahbuba,” ya rubuta, “kin yi kuskure a layi na shida. Kin ninka asarar batir sau biyu. Na'urar Fahad ta fi yadda kika ce.”

Magoya bayan Fahad suka taso da murna. Ni kaina sai da na leƙa inda injina yake. Na zaci za ta yi shiru, ko ta kawo uzuri. Ba a yi minti ashirin ba ta dawo.

“Baba Malam ya yi gaskiya. Kuskurena ne, kuma ya cuci Malam Fahad. Ka yafe ni. Ga gyararren lissafin.” Ta turo sabon, ta zagaye inda ta gyara. “Tazarar ta ragu sosai. Baba, a duba mini ko yanzu ta haye zuwa riba.”

Aka jira. Dattijon ya ɗauki kusan awa guda.

“Ba ta haye ba,” ya rubuta. “Ta matso dai.”

Daga nan musu ya mutu. Babu wanda ya sayi na'urar a cikinmu. Fahad ya sha wahala kafin ya mayar da su, ya yi asarar kuɗin mota da wani abu a kai, kuma ya yi wata biyu bai ce uffan a guruf ba, amma bai fita ba. Mahbuba ta sauke faifanta shida, ta sayar da su da ragi tunda sun hau rufi. Baturanta biyu ba su ƙara riƙe wuta yadda ya kamata ba. Wannan ba ita ta faɗa ba, Zaharadeen ne ya gani da ya je shagon.

Guruf ɗin ya koma ƙarami, ya kuma canza. Aka bar maganar haƙa aka koma yadda ake amfani da kuɗin: yadda ake buɗe asusu, yadda mutum zai adana kalmominsa na sirri, yadda ake gane shafin bogi. Aka kafa doka cewa duk wanda ya zo da sabon abu sai ya faɗi ko ya gwada da hannunsa. Fahad ne ya fara karya shirunsa da gargaɗi a kan wani shafi da ke alkawarin ninka kuɗi cikin mako guda. Ya ce ya bincika adireshinsu a Kano, ya tarar shagon sayar da katifa ne.

Bayan ƙaramar salla Malam Mailafiya ya gayyace mu gidansa a Jahun. Mu goma sha huɗu muka je, yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, aka kawo fura da nono. Mahbuba ta zo da ƙanwarta Zahra'u, suka zauna ta gefen matan gidan. Fahad ya iso a makare, ya gaisa da kowa, sannan ya tsaya daga ɗan nesa.

“Injiniya, an ce mai ɗinkin nan har yanzu yana fushi.”

“Ya huce,” ta ce. “Na saka masa fanka.”

Aka yi dariya. Fahad ya zauna kusa da ni. Malam Mailafiya ya sa aka jingina wani tsohon allon makaranta a jikin bishiyar, ya miƙa wa Mahbuba alli.

“Matan gidan nan sun dame ni da tambaya,” ya ce. “Sun ce kullum ina kan waya kamar saurayi. Tashi ki yi musu bayani, ni na kasa.”

Ta tashi ta karɓi allin. Hajiya Laraba, uwargidan Malam, ta gyara zama ta ce a fara mata daga farko, kuma a yi a hankali, don ita sai ta gane za ta bar kowa ya tafi. Ba mu bar Jahun ba sai da aka kira la'asar.