Wanzamin da Mashudatu Ta Kora

Ranar da aka sallamo Alhaji Sidiki daga asibiti, bayan mako uku yana fama da shanyewar ɓarin jiki, tun ba a gama kwantar da shi a ɗakinsa na unguwar Moshi Zongo ba ya cafke wuyan hannun 'yarsa Mashudatu da hannun da ya rage masa. Bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar, amma ta ji shi sarai.

"Kada ki bari a mai da ni can."

Ta yi masa alkawari. Mashudatu kuwa irin matan nan ce da in suka sa abu a gaba, gara ka kauce musu. Ta daina buɗe shagonta na atamfa sai da yamma, ta raba wa kowa aikinsa. Safe nata ne. Rana ta Safiatu ce, matar ƙaninta Osman, wanda ke tuƙa babbar mota a hanyar Kumasi, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba. Ranar Talata Sista Lamisi, nas ɗin da ke zagayen gidajen marasa lafiya, takan zo a kan babur ɗinta ta auna jini ta duba jiki. Ita ce ta ce a riƙa juya tsoho bayan kowace awa biyu, don kada kwanciya ta ci masa fata. Da yake ba mai kallon agogo a gidan, Mashudatu ta samo kwali ta rubuta asuba, hantsi, walaha, azahar, har zuwa isha'i, ta manna a bango. Duk wadda ta juya shi sai ta ja layi.

Mutum ɗaya ne bai samu shiga kwalin ba. Baba Yidana, wanzamin unguwar Zogbeli, shekara arba'in yana yi wa Alhaji aski duk Juma'a. Kwana biyu da dawowar abokinsa ya zo dubiya da zabirarsa, ya zaro ƙaho yana cewa mataccen jini ne, a bar shi ya tsotse. Mashudatu ba ta tsaya tauna magana ba. A gaban 'yan dubiya ta ce masa asibiti sun hana, kuma in da ƙaho zai riƙa zuwa, ya huta a gidansa. Tsoho ya naɗe kayansa ya fita, ƙafarsa ba ta sake taka gidan ba.

Wata biyu komai na tafiya daidai, kwali ya cika da layuka, har Mashudatu ta fara nuna wa baƙi shi. Sai wata Talata Sista Lamisi ta fito daga ɗakin tana cire safar hannu, ba ta yi raharta da ta saba ba. Ta kira Mashudatu da Safiatu gindin dalbejiyar tsakar gida.

"Akwai ja a ƙugunshi, ta baya, kamar girman goro," in ji ta. "Na danna, bai washe ba. Idan ya fashe kafin Talata mai zuwa, Hajiya, ba ni da zaɓi. Zan rubuta takarda a mai da shi."

Mashudatu ta juya wajen kwalinta. Ta nuna bango ta ce, "Amma ga kwali nan, Sista. Ko sau ɗaya ba mu tsallake ba."

"Na gani, kun yi ƙoƙari sosai paa. Wa ke wanke wurin kullum ya duba?"

Mashudatu ta dubi Safiatu, Safiatu ta dubi ƙasa. A nan asiri ya tonu. Mashudatu takan goge mahaifinta daga fuska zuwa ciki, daga gwiwa zuwa ƙafa, abin da ke tsakani ta bar wa zane, tana cewa a ranta Osman zai yi in ya dawo. Safiatu kuwa, wadda ko sunan surukinta ba ta iya faɗa, da kanta a kauce take juya shi. Shi ma Alhaji da zarar an taɓa shi sai ya damƙe bakin zane da hannunsa mai lafiya. Kowa ya kiyaye kunya, an bar bayan tsoho ba mai gani sai Talata.

Sista Lamisi ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ni sau ɗaya nake zuwa a mako, gidaje sun yi mini yawa. Ana son ido kullum. Wane ne Alhaji ba ya jin kunyarshi?"

Can Safiatu, wadda sai ta wuni ba ka ji muryarta ba, ta ce a hankali, "Yaya, sai dai Baba Yidana."

Maganar ta yi wa Mashudatu ɗaci, don ta san gaskiya ce. Ta wuni tana juya ta a rai, tana neman wani sunan, ba ta samu ba. Washegari da hantsi ta ɗaure goro a ganye, ta tare yalo-yalo, babur mai ƙafa uku, zuwa Zogbeli.

Ta same shi a rumfarsa yana wasa aska. Ta durƙusa har ƙasa, ta yi masa gaisuwar safe da yaren garin.

"Dasiba, Baba."

"Naa," ya amsa, bai ɗago ba. "Yau likita ya zo gidan mai ƙaho? Lafiya dai?"

Ta haɗiye zolayar, ta ba shi haƙuri, ta faɗa masa komai, har alkawarin da ta ɗauka. Da ta zo kan jan da ke ƙugu, sai ya ajiye askar.

"Ta hagu ko ta dama?"

"Sista ta ce tsakiya, ya ɗan karkata hagu."

Baba Yidana ya girgiza kai, ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta jin daɗi ba. Ya miƙe ya ɗauki zabira, ya dubi Mashudatu, ya zaro ƙahon ya rataye a ƙusa, sannan ya ce su tafi.

Mashudatu ta kira Sista Lamisi a waya, ita kuwa Sista ta yi kirki ta ratso daga unguwar Bulpiela. Nas da wanzami suka shiga ɗaki, aka saki labule, 'ya da suruka suka tsaya a waje. Suna jin muryar Baba Yidana yana cewa, "Sidiki, saki zanen nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni da na san ka tun ba ka da gemu?" Jim kaɗan sai Sista ta leƙo ta yafito Mashudatu, bayan an rufe tsoho.

A hannun wanzami akwai wani tsohon guru na fata, ya yi baƙi don daɗewa, da ƙulli mai tauri a bayansa. Mahaifiyar Alhaji ce ta ɗaura masa shi ranar da zai fara fatauci, bai taɓa rabuwa da shi ba sai a asibiti, inda aka kwance aka jefa a leda tare da takalmansa. Da ya dawo gida ya sa Osman ya mayar masa a ɓoye. Duk Talata in ya ji ƙarar babur ɗin Sista, sai ya ja shi sama ya cusa cikin riga, don kada a sake raba su. Sauran kwana shida kuwa a kan ƙullin yake kwance, a ɓangaren da ba ya jin komai.

Alhaji ya kafe gurun da ido, hawaye na bin gefen fuskarsa. Tausayinsa ya kama Mashudatu, ta kuma ji kunyar kanta. Wata biyu tana tsaye a kansa, ba ta san abin da yake tsoro ba.

Ta buɗe baki za ta yanke hukunci yadda ta saba, sai ta fasa. Ta ce, "Sista, Baba, yaya kuka gani?"

"A ƙugu dai ba zai zauna ba," in ji Sista Lamisi.

"To a damtse fa? Na dama, mai lafiya," in ji Baba Yidana. "In ya matse shi zai ji, zai faɗa."

Sista ta yi ɗan tunani ta ce ta yarda, muddin yatsa biyu za su shige ƙarƙashi. Nan take wanzami ya rage igiyar, ya ɗaura masa a damtse kamar kambu. Ita kuma ta koya masa nata: ruwan ɗumi, a tsane ba a murza ba, man kaɗe a kewaye amma ban da kan jan, kada a kwantar da shi a wurin, ba aska, ba garin magani. Ya saurara yana gyaɗa kai, ko da yake ya yi gunagunin cewa yarinyar da aka haifa jiya ce ke koya masa taɓa jikin mutum.

Tun daga ranar yakan zo da hantsi a kan kekensa. In ya fito sai ya faɗa wa Safiatu abin da ya gani, ita kuma ta aika wa Sista saƙon murya. Mashudatu ta ƙara layi a kwali, ta rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Ran Asabar ya ce jan yana nan. Ran Lahadi ya ce kamar ya rage, amma idonsa na tsufa ne, kada a riƙe maganarsa.

Talata ta zo. Mashudatu ta tsaya bayan labule, ta kasa zama, tana kallon jakar Sista a kan benci, inda takardar mayarwa asibiti ta leƙo. An daɗe a ciki. Sai ta ji wani sauti da ta manta da shi, dariyar mahaifinta, a karkace, wanzami na tsokanarsa. Sista Lamisi ta fito, ta tura takardar cikin jaka ta ja zif.

"Fata ta washe. Ku ci gaba yadda kuke yi, ku duka."

Mashudatu ta shiga. An yi wa Alhaji aski, kansa sai ƙyalli, guru a damtse. Ya miƙo hannu ya kama wuyan hannunta, daidai inda ya kama ranar farko, amma yau riƙon ba ƙarfi. Ya dubi Safiatu a bakin ƙofa, ya dubi abokinsa da ke naɗe tsumma, sannan ya dawo kanta.

"Je ki buɗe shagonki," ya ce. "Akwai mutane a nan tare da ni."

Ta ce to. Ta fita tsakar gida, ta zauna gindin dalbejiya ta yi kukanta mai isarta, sannan ta wanke fuska ta ɗauki makullin shago.